Neman shawara: ƙanina yana Coventry ni ina Bradford, zan iya sa sunansa a inshorar motata?

Baban Iman:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ta Birtaniya ku ba ni shawara. Ina zaune a Bradford, ina da ƴar Corolla da nake zuwa aiki, inshorar da sunana ni da madam. Ƙanina yana karatu a Coventry, shekararsa 22, bara ya ci jarabawar tuƙi ta nan, yanzu ya matsa min in sa sunansa don da ya duba tasa ta kansa kuɗin da suka yanka masa ya fi kuɗin motar da yake son saya. Ana yarda a sa wanda ba gida ɗaya kuke ba? Sannan Baffanmu zai zo daga Kano da rani, lasin ɗinsa na Najeriya ne kuma shi mutum ne da ba ya son a tuƙa shi, shi ma ya za a yi?

Maman Sultan:
Wa alaikumus salam. Ana yarda, yawancin kamfanoni ba ruwansu da gidan da mutum yake, ni ma ƙanwata tana Leicester kuma sunanta na kan tawa. Za su tambaye ka ranar haihuwarsa, yaushe ya samu lasin, ko ya taɓa haɗari ko an taɓa sa masa makin laifin tuƙi a lasin, sai su ƙara maka kuɗi, wasu har da kuɗin gyaran takarda. Ka shirya dai, ɗan 22 mai sabon lasin ba ragi zai jawo maka ba.

Ɗan Zariya:
Malam kafin a yi nisa, motar a ina za ta riƙa kwana? Kuma waye zai fi hawa?

Baban Iman:
To gaskiya dabarar ita ce in saya ƙaramar mota ta biyu da sunana, in yi inshora a matsayin ni ne babban direba, shi kuma in ƙara shi, ya tafi da ita can yana zuwa makaranta da wajen aikinsa na dare. Wani abokinsa ne ya ce haka kowa yake yi.

Ɗan Zariya:
Yauwa, dama na ji a jikina. Yaya wannan ba ƙarin suna ba ne, shi ne abin da suke kira furontin kuma damfara ce a dokarsu, ba wasa ba. Farashin inshora ana gina shi ne a kan wanda ya fi tuƙa motar da unguwar da take kwana, to ka ce musu kai ne kuma Bradford, alhali yaro ne kuma Coventry, ƙarya biyu kenan a takarda ɗaya. Ba a ganewa sai ranar da aka yi karo, a nan ne za su fara tambaya me motar Bradford take yi a ƙofar hostel ƙarfe 2 na dare ranar Talata, wa yake zuba mai, wa yake biyan kuɗin fakin, kuma yaro idan ya firgita da bakinsa zai faɗa musu komai. Suna iya soke inshorar kamar ba a taɓa yinta ba, su ƙi gyara taku, idan doka ta tilasta musu biyan wanda aka buge su dawo kanku su nemi kuɗinsu. Kuma duk inshorar da za ka nema nan gaba akwai tambayar ko an taɓa soke maka, daga ka ce e farashi ya tashi sama.

Shi kuma yaron ya fi ka shiga uku. Tuƙi babu inshora tarar fam 300 ce da maki 6 idan bai kai kotu ba, ƴan sanda kuma suna iya ɗauke motar. Sabon direba da ya tara maki 6 cikin shekara 2 da cin jarabawa lasin ɗinsa ya tafi, sai ya sake daga farko, ta rubutu da ta hanya.

Alhajin Luton:
Matsalar mu da tunanin gida muke zuwa, inda takardar inshorar naira 15,000 ke cikin aljihun mota kowa ya karɓi makulli ya wuce. Nan mutum ake yi wa inshora a kan mota, ba motar kaɗai ba.

Maman Sultan:
Au, ban san haka tsarin yake ba da na amsa ka. Wannan kam a'a. Tawa ƙanwar sai ta zo hutu take taɓawa. Amma ka juya abin mana, shi ya yi da sunansa a matsayin babban direba da adireshinsa na gaskiya, kai ya sa ka a ƙari in dai kana ɗan tuƙawa idan ka je ko ya zo, wannan halal ne a wajensu kuma sau da yawa yana rage kuɗi saboda kai ka daɗe da lasin. Ya karɓi mai na'urar nan da ke lura da gudu da birki, ya nemi mota mai ƙaramin inji. Shekarar farko ce mai zafi, amma shi ne zai fara tara rangwamen rashin haɗari da sunansa, wanda a ƙarƙashinka galibi ba zai tara ba, kuma idan ya goga a kan taka naka rangwamen ne zai zube.

Likitan Dare:
Ƙarin bayani tunda ka ce aikin dare: ya faɗa musu zai riƙa zuwa aiki da ita, don akwai inshorar da yawo da cefane kawai ta rufe. Idan kuma kai abinci zai yi wannan wata inshora ce daban gaba ɗaya. Kuma don Allah ya guji masu tallar inshora rabin kuɗi a WhatsApp da Instagram, takardar bogi suke ba mutane ko su cika bayanan ƙarya da sunanka, ya duba kamfanin a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi da inshora, bayan ƴan kwanaki ya sa lambar motar a shafin duba motoci masu inshora, wanda aka sani da askMID, ya ga ta fito.

Baban Iman:
Na gode, na ji. To Baffa fa?

Alhajin Luton:
Doka ta ba baƙo damar tuƙi da lasin Najeriya har wata 12 daga shigowarsa, matsalar kamfani ce, da yawa ba sa son lasin waje ko wanda ba mazaunin ƙasar ba. Kira naka a waya, kar ka tsaya cika fom a intanet, ka ce baƙo ne na sati kaza, ga irin lasin ɗinsa. Idan sun yarda su turo maka a rubuce. Akwai masu inshorar kwanaki, daga awa ɗaya zuwa kusan wata, amma su ma ka karanta sharaɗin lasin kafin ka biya. Ni shawarata ma ku lallaɓa dattijo ya zauna a kujerar mai zaman banza, mutumin da ya yi shekaru yana bin dama a titin Zoo Road ka sake shi a shataletalen Bradford ana bin hagu, haba.

Baban Iman:
Lallaɓa Baffa ya fi neman biza wuya wallahi. Gobe zan kira su in ji, shi kuma yaron na tura masa duk abin da kuka rubuta, ya ce zai sake duba farashi da sunana a ƙari.

Ɗan Zariya:
Ya gwada da ranar fara inshorar sati 3 gaba, ba ta gobe ba, yawanci ta fi sauƙi.