Hon mai iska a kan roba-roba: batir zai ɗauka kuwa?

Ɗan Sabuwar Unguwa:

Assalamu alaikum masu sana'a. Mashin roba-roba ne mai 110cc, batirinsa 12V 5Ah. Hon ɗin da ya zo da shi ba ya isa kunnen direban tifa ko tirela, balle a hanyar Jibiya ko ta Dutsin-ma inda manyan motoci ke matse mai mashin gefen kwalta. Ina so in sa hon mai iska, ƙaramin nan da kwamfuresa da ƙahon suke haɗe wuri guda. Zan iya zare wayoyi biyu na tsohon hon in soka su a sabon kai tsaye? Batir zai ɗauka? Sannan a ina ya kamata a ɗaure shi?

Mai wayarin, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka soka kai tsaye, nan ne ake yin ɓarna. Hon ɗin kamfani yana jan wuta 1.5A zuwa 3A, kuma a kan haka aka yi siririyar wayarsa da madannin da ke hannun hagu. Hon mai kwamfuresa irin Stebel Nautilus da masu kama da shi yana jan kusan 18A, wato sama da 200W. In ka bi da wannan wutar ta tsohuwar hanya, ko dai fis ya tsinke, ko tagullar cikin madanni ta ƙone ta manne, ko robar waya ta narke a cikin damin wayoyin da ke ƙarƙashin fitila, kuma wannan na ƙarshen shi ke cinye mashin.

Maganin shi ne rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke ja don ya buɗe wa babbar wuta hanya. Ga kayan da za ka nema: rile 12V 30A mai ƙafa huɗu, gidan fis da fis 25A, wayar tagulla mai kaurin 2.5mm² kamar mita biyu ja da mita biyu baƙa, kawunan waya masu zobe da masu sokawa, baƙin salatif, da tai na ɗaure waya. Ka kankare bakin wayar tun a shago ka gani. In cikinta fari ne an shafa masa ja, alminiyam ce, ka bar ta.

Kafin komai, cire kan batir mai alamar ragi. Juya rilen za ka ga lambobi a gindin ƙafafunsa. Ƙafa 30 ita ke karɓar jar waya daga kan batir mai alamar tarawa, kuma fis ya zauna a kan wannan wayar kusa da batir, kada tazarar ta wuce taƙi ɗaya. Fis ɗin da aka kai can kusa da hon bai tsare komai ba, domin duk tsawon wayar da ke bayansa a buɗe take in ta goge da ƙarfe. Ƙafa 87 ta tafi kan kwamfuresa mai alamar tarawa. Ɗaya kan kwamfuresan, ka ja masa baƙar waya mai kauri iri ɗaya har zuwa batir. Wasu na ɗaure ta a kowane noti suka gani, alhali a roba-roba noti da yawa a jikin roba ko fentin ƙarfe suke, wuta ba ta komawa sosai.

Sai wayoyi biyun nan na tsohon hon, su za ka soka a ƙafa 85 da 86. Daga nan madanninka ba ya ɗaukar komai sai 'yar wutar da ke ja rile, wadda ba ta kai 0.2A ba, nauyin kuma ya koma kan waya mai kauri.

Makanike, Ƙofar Marusa:

Oga ya gama maganar haɗi, ba abin da zan cire. Amma ni ina da ja a kan batir, domin roba-roba da yawa a garin nan da kik ake tayar da su, batirin ya daɗe da mutuwa, ana yawo da shi ne kawai.

Girman 5Ah ba shi ne matsalar ba. Busa na daƙiƙa biyu a kan 18A abin da yake ci bai wuce 0.01Ah ba. Abin dubawa shi ne ko batirin zai iya sakin wutar lokaci guda ba tare da ya durƙushe ba. Gwajin mai sauƙi ne: batirin da ke juya sitata da ƙarfi da sanyin safiya zai busa hon. In kana da mita, lafiyayyen batir yana nuna kusan 12.6V a kashe, in an tayar an ɗan ja totur ya hau 13.5V zuwa 14.5V. In bai hau ba, rektifaya ko kwayil ne, wato masu cajin batir, a gyara su tukuna. Raunannen batir shi ke sa hon ya yi gurnani, fitilar mita ta dushe, a wasu mashinan ma inji ya mutu a silo, saboda CDI ɗinsu, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, daga batir yake shan wuta.

Akwai gwaji na biyu da ake mantawa. Murɗa makulli, kada ka tayar da inji, ka danna hon. In ya yi kuka, wutar batir yake sha, haɗin Oga zai zauna daidai. In kuwa sai inji na aiki yake kuka, kuma muryarsa na bin totur, to wutar kwayil ce kai tsaye, rile zai riƙa kakkarwa. Sai a nemo wa ƙafa 86 wuta daga wayar da ke fitowa bayan makulli, madanni kuma ya riƙa kai ƙafa 85 jikin ƙarfe.

Ni da za ka bi tawa, ƙanena, in cikin gari ka fi yawo, hon biyu masu siffar dodon koɗi sun fi maka. Ɗaya mai kaurin murya wajen 400Hz, ɗaya siriri wajen 500Hz, su biyun ba su wuce 8A ba, kuma da ka taɓa suke amsawa. Na iska sai kwamfuresa ya juya tukuna, yana ɗan makara. Su ma dai da rile za a sa su.

Mai walda, hanyar Daura:

Maganar wurin ɗaurewa. Hon ɗin ya haura rabin kilo, ɗan siririn ƙarfen da ke riƙe tsohon ba zai ɗauke shi ba, jijjiga za ta karya shi. A lanƙwasa biraket da ƙarfe mai kaurin 3mm, a kama shi da jikin firam a bayan robar gaba, a sa wosha mai sufirin ko noti biyu. In za a yi walda a jikin mashin, a cire batir da CDI tukuna.

Kwamfuresa ya tsaya a tsaye, bakin ƙaho ya kalli ƙasa ko ya ɗan sunkuya, don ruwan damina da na masu wankin mashin ya zube. Kafin ka ƙara ɗaure notin, juya kan mashin ƙarshe zuwa ƙarshe, sannan ka kama birkin gaba ka danna shi ƙasa da ƙarfi. In madigadi ya taɓa hon a tsaye, to a cikin rami zai fasa shi. Ya yi nesa da salansa da kan inji.

Babban abokin gabarsa a ƙasarmu ƙura ce. Kwamfuresa iska yake zuƙa, lokacin hunturu kuwa har da yashi. In naka yana da ɗan bututun shan iska, sa masa tiyo ka kai bakinsa cikin roba inda taya ba ta watso ƙasa. Hon da muryarsa ta shaƙe bayan wata biyu, yawanci ƙura ce ta cika shi.

Ɗan Sabuwar Unguwa:

Allah ya saka da alheri, iyayen gidana. Mita ta nuna 12.5V a kashe, 13.9V a kunne, hon kuma yana kuka ko inji bai tashi ba. Sai dai rilen da ke hannuna ƙafa biyar gare shi. Zai yi?

Mai wayarin, Ƙofar Ƙaura:

Zai yi, batirinka ma lafiya lau. Ƙafar tsakiya mai lamba 87a ka bar ta, ka naɗe ta da salatif, domin wuta na zaune a kanta duk lokacin da ba ka danna ba. In ka soka hon a nan, da ka mayar da kan batir zai kama kuka ba tsayawa. Duba kuma zanen da ke jikin rilen: in akwai alamar dayod, wato 'yar kibiya mai layi a bakinta, wayar da ke ɗauke da wuta dole ta shiga 86.

Wajen gwaji, fara ba tare da kwamfuresa ba. Danna ka saurara, ya kamata ka ji rile ya yi ƙas. In ya yi, haɗa hon. Ƙas ba kuka, duba fis da baƙar waya. Kwamfuresa na juyawa amma ba sauti, ka juya kawunansa biyu ne. Fis na yawan tsinkewa, nemi inda waya ta goge, kada ka ƙara girmansa ya wuce 30A, kada kuma ka yarda a ɗaura maka zaren waya a madadinsa.

Ka gwada shi a fili, ba cikin shago ko zaure ba, kuma kada yaro ya tsaya a gabansa, domin kamfanin Stebel 139dB ya rubuta wa nasa in an auna a bakin ƙaho, kunne kuwa daga wajen 120dB yake fara ciwo. In da wuri, ka bar tsohon hon a kan madanninsa don lungu, bakin asibiti da masallaci, ka yi wa na iskan madanni daban wanda zai ja rile.