Neman shawara kan karɓar kyautar masu dubiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai.

An yi mini aiki makonni 3 kafin Babbar Sallah, kuma tun da aka sallamo ni daga asibiti masu dubiya ba su yanke ba. Da Sallah ta zo, naman layya ya yi ta shigowa, alhali likita ya hana ni jan nama da abinci mai maiƙo da gishiri saboda hawan jini. Nakan karɓa in yi godiya, daga baya in rabar, amma Gwaggona takan zauna sai ta ga na ci, kuma ina jin nauyin ce mata a'a.

Abin da ya fi damuna shi ne maƙwabciyata, wadda da ƙyar take ciyar da marayunta, amma duk zuwan da ta yi sai ta tura kuɗi ƙarƙashin matashina. Na taɓa mayar mata, ranta ya ɓaci, ta ce na raina kyautarta.

Me zan faɗa wa Gwaggo, kuma yaya zan kyautata wa wannan baiwar Allah ba tare da ta ɗauka biyanta nake yi ba?