Ankon biki ya fito kala biyu a firintata, daga ina zan fara gyara?

Maman Biyu, Kano:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sana'ar hoto a taimaka min. Ina da Epson L805 mai tawada shida, da ita nake wanke hotunan suna da na biki a gida, sai fasfo na 'yan makarantar unguwarmu. Shekara ɗaya da rabi muna zaune lafiya.

Satin da ya wuce aka kawo min hotunan kamun 'yar maƙwabciyata, guda arba'in, masu girman inci 5x7. Ankon ƙawaye leshi ne shunayya. Ranar Laraba na wanke ashirin suka fito tas. Takarda ta ƙare, na aiki yaro ya sayo wata, ranar Juma'a na ƙarasa. Da na jera su a kan gado sai ka ce biki biyu aka yi. Leshin Laraba shunayya, na Juma'a ya koma shuɗi, fuskar amarya kuma ta yi kore-kore kamar wadda ta tashi daga jinya. Uwar amarya ba ta ce uffan ba, ta dai daɗe tana kallon hoton 'yarta, kuma wannan shirun ne ya hana ni barci. Na ce ta bari zan sake mata.

Ba na son in ƙara ɓarnar takarda a banza. Sannan ko ranar da kala ta yi daidai, hoton yakan fi duhu a takarda a kan yadda nake ganinsa a kwamfuta.

Tsohon Mai Hoto, Zariya:

Wa alaikumus salam Hajiya. Da jin bayaninki, tawada mai ruwan hoda ce ba ta fita sosai. Ita ke haɗuwa da shuɗiya a samu shunayya, kuma ita ke ba fatar mutum wannan jan da ke nuna lafiya. In ta yi ƙaranci, leshi ya tafi shuɗi, fuska ta tafi kore. Firintarki tana da ruwan hoda biyu, mai kauri da mai haske, kuma mai hasken tana aiki sosai a fuska.

Kada ki taɓa komai tukuna. Sa farar takarda ta rubutu, ki shiga wurin kula da firinta ki danna Nozzle Check. Za ta zana layuka kala shida. Ki kai takardar bakin taga ki duba da kyau, domin masu hasken ba sa ganuwa a ɗaki mai duhu. Inda layi ya yanke, ƙofar tawada ta toshe a nan. Sai ki danna Head Cleaning a wurin, firinta ta wanke kan, wato ɓangaren da ke fesa tawada, ki sake gwaji. In kin yi sau uku bai gyaru ba, ki kashe ta ki bar ta awa 12. Wanki a jere yana shan tawada, kuma duk a soson da ke cikin firintar take zuba, ranar da ya cika firinta ta tsaya.

Yanzu hunturu ne, iska a bushe take, ga ƙura. Ni tun da sanyi ya shigo ba na bari kwana uku su wuce ban fitar da ko takarda ɗaya mai kala ba. Ki riƙa kashe ta da maɓallinta kafin ki zare waya, don kan ya koma mazauninsa ya rufe, sannan ki lulluɓe ta da zane. Tambaya ɗaya: tsakanin Laraba da Juma'a an ɗauke miki wuta tana cikin aiki?

Ɗan Kwamfuta, Kaduna:

Anti, abin da Baba ya faɗa shi ne na farko. Amma sabuwar takardar nan ma a duba ta. Iri ɗaya ce da ta Laraba? Kowace takarda da farinta da yadda take shan tawada, kuma sunan takardar da kika zaɓa a kwamfuta shi ke gaya wa firinta yawan tawadar da za ta zuba. In kin canza takarda ba ki canza zaɓin ba, kala ta motsa.

Idan da Photoshop kike aiki, ki bar ɗaya kawai ya kula da kala, ko shi ko firinta. In duka biyun suka sa hannu, an gyara hoton sau biyu ke nan. Ki kashe PhotoEnhance, wato gyaran kala da firinta ke yi da kanta, a aikin biki, saboda kowane hoto yake duba shi kaɗai ya gyara, shi ya sa anko ɗaya kan bambanta. Hotunan kuma su zama a tsarin kala ɗaya dukansu, wato sRGB.

Maganar duhu, allon kwamfutarki ne ya yi haske da yawa. Shi fitila gare shi a baya, takarda kuwa hasken ɗaki take jira. Ki rage shi har farinsa ya yi kusa da farin takardar da ke hannunki. Kuma a daina turo miki hoto ta WhatsApp haka kawai, yana matse shi, a turo a matsayin fayil. 5x7 mai kyau yana son ɗigon hoto (pixel) 1500 a faɗi, 2100 a tsawo.

Mai Fasfo, Gombe:

Ni dai tawadar kasuwa mai araha nake zubawa, fasfo na fita lafiya lau.

Tsohon Mai Hoto, Zariya:

Malam, fasfo da farin bango ba ya tona asiri kamar leshin biki. Ban hana ka ba, amma wadda ka zaɓa ka tsaya a kanta. Abin da nake gudar wa Hajiya shi ne ta zuba wata iri a kan ragowar wata a tanki ɗaya, kala ta yi ta sauyawa a hankali har tsohuwar ta ƙare. Ta kamfanin lambarta 673.

Maman Biyu, Kano:

Baba, Allah ya saka da alheri, kamar kana ɗakin. Daren Alhamis ina fitar da fasfo aka ɗauke wuta, kan ya tsaya a tsakiya, na zare takardar na kwanta, ba a kawo ba sai da safe. Na yi gwajin, layin ruwan hoda mai haske ya yayyanke kusan rabi. Wanki biyu ya cike.

Ƙanina na Kaduna, kai ma ka yi gaskiya. Takardar Laraba mai nauyin giram 230 ce, wadda yaro ya sayo 180, da na haɗa su a rana sai na ga farin sabuwar ya ɗan ja zuwa bula. Na je da kaina na samo irin ta farko, na ɗauki fakiti uku. Tawadata 673 ce tun farko, ban taɓa haɗawa ba.

Na zaɓi hoto ɗaya mai amarya da ƙawayenta da farin mayafin kakarta, na wanke shi, na bar shi ya kwana ya bushe, na rubuta sunan takarda da zaɓin da na yi a bayansa, na sa shi a ambulan. Kafin kowane babban aiki zan sake fitar da shi in gwada su a bakin taga. Ashirin ɗin na sake su jiya, yau da safe na kai wa uwar amarya, ta baza duka arba'in a tabarma ta kasa ware na Laraba.