Talata za a min aikin gyaran mama amma maƙogwarona bai gama warkewa ba

Maman Biyu:
Slm ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema. Tun da na yaye na biyu mamana suka zube suka kwanta, na daɗe ina tara kuɗi har aka sa min rana, za a ɗaga su a sa silikon ɗan ƙarami (robar cikon mama), Talatan nan mai zuwa. To sai ga shi ranar Laraba na tashi da ciwon maƙogwaro ko yawu ba na iya haɗiya, zazzaɓi har 38.6, likita ya haska fitila ya ga farar mugunya a tansil ɗina (tsokar nan ta gefe biyu a cikin maƙogwaro) ya ce ƙwayar strep ce, ya rubuta min amoxicillin na kwana 10. Yau kwana 4 ina sha, zazzaɓin ya sauka saura ƙaiƙayi da ɗan tari da dare. Na riga na ɗauki hutu a wurin aiki, ƙanwata ma ta shirya zuwa ta riƙe min yara. In ja bakina in yi shiru a yi aikin ko in faɗa musu? Ni dai gani nake wuya daban ƙirji daban.

Anti Nas:
Wslm ƙanwata. Ai a ɗakin tiyata ba daban ba ne, don ta wannan wuyan za a bi. In aka sa ki barci gabaki ɗaya ba ke ce ke numfashi da kanki ba, roba ake zura miki ta baki ta wuce maƙogwaro inji ya riƙa hura miki iska. Maƙogwaron da bai daɗe da ciwo ba kuwa saurin fushi gare shi, ana taɓa shi wajen sa robar ko cire ta sai ya tsuke ya rufe, iskar oksijin ta cikin jini ta fara sauka, a nan ne za ki ga kowa a ɗakin ya miƙe tsaye. Kuma wannan saurin fushin yakan ɗau makonni bayan ke kin ji kin warke, wani har mako 4 zuwa 6.

Na biyu shi silikon baƙon abu ne a jiki, ba jini ke ratsa shi ba, in ƙwayar cuta ta samu ta manne a jikinsa sai ta yi wani yauƙi ta lulluɓe kanta maganin ma da kyar yake kai mata, ƙarshenta a sake buɗe ki a cire shi ki jira watanni kafin a mayar. Ranar Talata kwana 7 kawai kika yi a maganin, ko gama shi ba ki yi ba. Ki kira su yau ba sai gobe ba, ki ce a haɗa ki da likitan da zai sa ki barci, shi ke da ta cewa a nan fiye da mai yankan ma.

Uwar Ɗaki:
Ni na yi irin shirun da kike son yi, nawa rage su aka yi saboda ciwon baya da kafaɗa. Mura ce da tari na ɓoye don kar a ɗaga min rana. Aikin ya tafi lafiya Alhamdulillah amma abin da na gani bayan na farfaɗo wlh ba na fata, duk tari ɗaya sai in ji kamar ɗinkin zai ɓalle, filo nake rungumewa a ƙirji kafin in yi, hawaye na zuba. Dare na biyu na hagu ya kumbura ya yi tauri ya fi ɗan uwansa girma, ashe jini ne ya taru a ciki, sai da aka mayar da ni aka zuƙe. Likitan bai ce tarin ne kaɗai ya jawo ba amma kallon da ya min da na faɗa masa gaskiya har yau ina tuna shi.

Tauraruwa:
Tambaya ɗaya ƴar uwa, me kike sha na raɗaɗin wuyan? In ibuprofen ne ko asfirin to shi ma ki faɗa, suna sa jini ya ƙi tsayawa da wuri, yawanci ana hana shansu mako 1 zuwa 2 kafin aiki. Farasitamol ne ba ya da wannan matsalar. Kuma kar ki ajiye amoxicillin ɗin don kin ji sauƙi, strep in ba a ƙarasa maganinsa ba yana iya taɓa zuciya ko ƙoda daga baya.

Maman Biyu:
Innalillahi, ibuprofen ɗin nake sha safe da dare tun Laraba, ko a raina ban kawo ba. Anti na kira su yanzu, nas ɗin ba ta ma bari na gama bayani ba ta ce Talata ta fita. Sun ce in ƙarasa maganin, in daina ibuprofen, in zo bayan mako 2 da tsayawar tarin likitan barci ya duba wuyana ya saurari ƙirjina sannan a sa sabuwar rana. Yanzu saura in san yadda zan lallaɓa oga ya mayar min da hutun nan.