Tayar da tsohuwar motar da ta yi shekaru a ajiye

Mai 504: Assalamu alaikum. Masu riƙe da tsofaffin motoci, a zo kowa ya faɗi abin da ya gani wajen tayar da motar da ta daɗe a ajiye. Ni abin da nake ja wa kowa kunne a kai shi ne, kada a ɗora batir a murza makulli ranar farko. A kwance fulogi duka, a zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokali ɗaya a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu. Daga nan a sa giya a firi, a kama notin fulin gaban inji da sufana a juya da hannu. In ya zagaya sau biyu bai cije ba, a ci gaba. In ya cije, zoben fistin ne ya kama da tsatsa, kuma kik karya shi zai yi. Masu Peugeot 504 su kula: silif ɗin injinta, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, a cikin ruwa yake zaune, ba a haɗe yake da bulo ba. Wanda ya cire kan inji ya juya ba tare da ya danne silif ba, zai ɗago shi, ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai.

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, Alhaji, amma fetur ya fi ba da wahala. Fetur da ya shekara a tanki yakan koma ja, ya yi danƙo, ya toshe jet ɗin kafireta. Kada a bari ko ɗigo ya shigo daga tankin. A cire tiyon da ke shiga famfon fetur, a tsoma shi a galan na sabon fetur. A buɗe kafireta, a wanke kwanon fulot da allurarsa, a hura jet da iska. Ban da tsokace shi da waya, domin tana faɗaɗa ramin, motar ta dawo tana shan mai tana baƙin hayaƙi. Sannan a zaro gejin baƙin mai a shinshina. In yana warin fetur ko ya haura layi, robar cikin famfon fetur ce ta tsage.

Mai W123: Oga, ni kuwa na ga ɗan fetur a bakin kafireta yana tayar da ita nan take.

Tsohon Makanike: Yana yi, amma murfin kwalba ɗaya ya isa, kuma a ja fuska baya. In taimin ya goce, wuta ta nan take fitowa. Kafin a kai nan ma, a canza baƙin mai da filta, a cire wayar kwayil, a yi kik na daƙiƙa 10 ana hutawa, fulogi a waje, har fitilar baƙin mai ta mutu. Batir mai lafiya volt 12.6 yake nunawa a mita. Inji na aiki kuwa, tsakanin 13.8 da 14.4.

Mai Bitil: Ranka ya daɗe, a ƙara da duba wutar fulogi. Sau da yawa babu abin da ya lalace, bakin kwantak, wato makunnin wutar da ke cikin disibita, ne ya yi fari saboda zama. A goge shi da ƙaramin zarto mai laushi, a sa tazararsa 0.4 mm. In tartsatsin ja ne mai rauni, ko ta tashi ta mutu da zarar ta ɗau zafi, kwandansa ake fara zargi kafin kwayil. A Volkswagen Beetle tazarar bawul 0.15 mm ce, inji a sanyaye, baƙin mai lita 2.5, jerin kai wuta ga silinda 1-4-3-2. Na 504 kuwa 1-3-4-2 ne, kada a haɗa su. Bitil ɗin da aka ƙera kafin samfurin 1967 yawancinsu wutar volt 6 ce, a duba kafin a ɗora batir mai volt 12. Da yake iska ce ke sanyaya injin, a leƙa cikin murfin fanka: ɓeraye na sheƙa a wurin, iska ta kasa kai wa silinda, bawul ya ƙone. Tiyon fetur kuma a sabunta shi duka ko da ya yi kyau a ido, yana kusa da disibita, kuma daga nan gobarar motar nan take tashi.

Mai W123: To, ta tashi, amma kada murna ta sa a hau titi. Man birki yana jan laima, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. A motar da ta zauna, cikin masta, wato famfon birki, ya riga ya yi tsatsa. Taka birki har ƙasa sau ɗaya ya isa ya yage robar. A danna feda a riƙe na rabin minti, in tana nutsewa a hankali, masta ta tafi. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, DOT 5 ba ya shiga cikinsu. Taya ma a karanta lambobi huɗun ƙarshe na gefenta: 2314 na nufin mako na 23 na 2014. In lambobin uku ne, an yi ta kafin 2000, sai dai a tura motar a kanta cikin gareji.