Musayar waƙa daga Damagaram kan alamar gicciye da wasu Kiristoci ke yi: hannu a goshi, a ƙirji, a kafaɗa

Bulus na Sabon Gari:
Da sunan Uba nake taɓa goshina,
Da sunan Ɗa hannu ya sauka ƙirjina,
Hagu zuwa dama, Ruhu ke riƙona,
Allah ɗaya ne, shi na shaida da jikina.

Ladi 'yar Zengo:
Bulus, ka yi baiti, ban ga aya ba,
Matiyu 28 bai ce haka ba,
Baftisma ya ce, bai ce a zana ba,
Mu a majami'armu ba mu saba ba.

Bulus:
Yaya Ladi, karatunki ya tsaya a hanya,
Tartuliyan na Kartaj ya faɗa wa duniya,
Shiga da fita, cin abinci, har kwanciya,
Goshi suke wa alama tun zamanin wuya.

Tartuliyan marubucin Kirista ne, ɗan Afirka ne fa, a Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200. Ba Turawan mishan suka ƙago ba.

Hannatu:
Kai! Sabon Gari ba ta taɓa ba mu kunya ba. Yaya Ladi, a sha ruwa.

Malam Ɗan Birni:
Maƙwabta sannunku, ni na Ƙulhuwallahu ne,
Uku kuka ƙirga, kuka ce ɗaya ne,
Ba faɗa ya kawo ni ba, neman sani ne,
Ku warware mini, lissafin mai wuya ne.

Bulus:
Malam, dubi murhun tuwo na gidanmu,
Duwatsu uku, wuta ɗaya ke ci da mu,
Haka Triniti yake a imaninmu.

Ladi:
Ƙanena, murhunka ya zubar da miya,
Cire dutse guda, saura ba za su iya,
Uba ba sulusi ba ne, Allah ne gaba ɗaya,
Haka Ɗa, haka Ruhu, zatinsu ɗaya.
Kai mai tarihi, ka manta taron shugabannin Kirista a Nikiya?
A 325 aka ce haifaffe ne, ba halitta ba, ka jiya?

Gambo mai shayi:
Ku dakata. Bulus ya fara da ƙwar huɗu, ya faɗo uku, ina ɗango na huɗu? Ladi kuma ta yi shida, na ƙarshen ya yi tsawon da numfashi ba ya kaiwa. Kari ya karye.

Hannatu:
Gambo, ina naka baitin? Gyara kawai ka iya.

Gambo:
Amsa-amon “ba, ba, ba, ba” ma ai ba gwaninta ba ce, yaro zai yi.

Isuhu Garin Malam:
A bar Ladi, ita kaɗai ta amsa wa Malam. Zengo ce gaba.

Bulus, bayan sallar Lahadi:
Gambo ga na huɗun, ka bar mini kunne:
“Ba mu raba Allah ba, shi ya bayyana gare mu.”
Yaya Ladi, zati ɗaya muka riƙe ni da ke,
To me ya hana hannunki faɗin abin da baki ke faɗi?

Gambo:
Wannan kuma babu amsa-amo sam.

Malam Ɗan Birni:
Na ji Ladi, na gane abin da kuke nufi,
Ni ina nan kan tauhidin da na tashi ciki,
Amma Kiristocin Girka da Rasha kafaɗar dama suke fara taɓawa,
Da yatsu uku a haɗe. Bulus, su wa suka yi daidai?

Ladi:
Bulus, Malam na jiranka. Kada ka sake kawo mana murhu.