Neman kalmar Hausa: taimin bel, da bambancin orijina da "afta-maket"

Malamin makarantar koyon sana'a, Gombe: Assalamu alaikum. Ana shirya ɗan littafin gyaran mota da Hausa don yaran gareji, an kuma maƙale a kan sunan da za a ba taimin bel, wani bel da ke cikin injin mota. Wani ya kawo "bel ɗin lokaci". Masu sana'a, me kuka gani?

Bakanike, Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Malam. A jefar da "lokaci", ba agogo ba ne. Aikinsa shi ne haɗa kirankishaf na ƙasa (sandar ƙarfen da fistin ke juyawa) da kamshaf na sama (sandar da ke buɗe bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi), na ƙasa ya juya sau 2, na sama sau 1, don bawul ya buɗe ya rufe daidai da hawa da saukar fistin. Saiti ke nan. A gareji ma "saita taimin" muke cewa. Ni "bel ɗin saiti" na zaɓa.

Mai sayar da kayan mota, Bauchi: Ni kuwa da "bel mai haƙora" na so, tunda haƙoran ne suka raba shi da fanbel.

Bakanike, Tudun Wada: Alhaji, Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 mai silinda 4 bel biyu gare ta masu haƙora, babba na saiti da ƙarami mai rage girgizar inji. Ka aiki yaro ya sayo "mai haƙora", wanne zai kawo? Kuma Corolla ta 2003 sarƙa ce da ita, sai a ce "sarƙar saiti", sunan ya tafi tare.

Tsohon direban Gombe zuwa Bauchi: Ku rubuta wa yaran abin da ke faruwa in ya tsinke. A Camry mai injin 2.2 mota kawai za ta mutu, a sa sabo a wuce. A waccan Honda fistin ne zai daki bawul ya lanƙwasa shi, sai an sauke kan inji.

Bakanike, Tudun Wada: Haka ne, Baba. Shi ya sa ba a jiran ya tsinke. Yawanci tsakanin kilomita 60,000 da 100,000 ake canzawa, gwargwadon littafin motar, ko in ya shekara 5 ko da ba a yi tafiyar ba, don roba tana bushewa. In za a canza, a cire kan batir, fanbel, fuli (wilin da bel ke hawa) da murfi. A juya inji da hannu har makin saiti na kamshaf da na kirankishaf su zauna a gurbinsu, sannan a sassauta tenshina, abin da ke danne bel kada ya yi sako-sako. Bel na fita, kada a taɓa shaf ko ɗaya. A ƙirga haƙoran sabon da na tsohon. Kada a naɗe shi ko a banƙare shi da sukundireba, zaren cikinsa karyewa yake ba a gani. A canza tenshina, boris da famfon ruwa in bel ɗin ne ke juya shi, domin boris ɗin da ya cije shi ke cinye sabon bel. In sil, robar da ke tare mai, yana yoyon baƙin mai, a canza, mai yana ruɓar da roba. Kafin a tayar, a juya da hannu zagaye 2 a sake duba maki. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa mota ta rasa ƙarfi.

Malamin makarantar koyon sana'a, Gombe: To "bel ɗin saiti" ya zauna. Saura "afta-maket", wato kayan gyaran da ba a kwalin kamfanin motar suke zuwa ba. An ce mu sa "jabu".

Mai sayar da kayan mota, Bauchi: A'a, Malam, wannan zalunci ne. Kamfanonin bel irin su Gates, Dayco, Continental da Mitsuboshi da sunansu suke sayarwa, wasunsu ma su ke yi wa kamfanonin mota bel ɗin da ake sawa a kwalin orijina. Jabu shi ne wanda ya saci suna da kwali: rubutu yana gogewa da yatsa, haƙora ba girmansu ɗaya ba. Beljiyam kuma gwanjo ne, ba wanda ya san kilomitar da ya ci, bai dace da bel ba sam.

Tsohon direban Gombe zuwa Bauchi: Ku ce masa "kishiyar orijina" mana, gida ɗaya, aiki ɗaya!

Malamin makarantar koyon sana'a, Gombe: Baba, wannan sai a tasha. A littafi za mu rubuta "na kamfanin mota", "na madadi", "jabu" da "gwanjo". Tenshina fa, a bar shi haka ko "maɗaurin bel"?

Bakanike, Tudun Wada: Ba ɗaurewa yake ba, tamkewa yake. A sa "matamki".